Abokin Kuka

Masu iya magana sun ce, abokin kuka shi a ke gaya wa mutuwa. Watau in abu ya dami mutum, ba kowa zai kai wa kukansa ya ji sanyi ba, sai wanda ya taɓa ɗanɗana irin abin. Ga labarin wani mutumin Amurka, sunansa Bill Wilson, wanda giya ta kusa kai shi kabari, da yadda ya tashi ran nan a baƙon gari yana cigiyar wani mashayi ɗan'uwansa don su zauna su yi magana. Daga wannan cigiya tasa aka sami asalin taron nan da masu son rabuwa da giya su ke yi a ƙasashe da yawa na duniya, suna taimakon juna. Wanda ya bi labarin a hankali zai ga yadda a ke neman irin wannan taro, da abin da mutum zai tarar in ya je.

Yadda giya ta kama shi

An haifi Bill Wilson cikin 1895, a wani ƙauye na jihar Vermont. Ya tashi yaro mai ƙoƙari, amma mai jin kunyar mutane ƙwarai. Bai fara shan giya ba sai cikin 1917, sa'ad da ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A wurin wata liyafa aka miƙa masa, ya sha, sai ya ji kunyar nan ta kau, bakinsa ya buɗe, ya ga kamar ya sami maganin abin da ya daɗe yana damunsa. Haka giya ta kan shigo wa mutane da yawa, da fuskar aboki.

Cikin 1918 ya yi aure, sunan matarsa Lois. Bayan yaƙi suka zauna a birnin Niyok, ya kama aikin binciken kamfanoni yana kai wa masu sayen hannun jari labari, ya sami kuɗi mai yawa. Shan nasa kuwa kullum gaba ya ke yi. Da kasuwar hannun jari ta faɗi cikin 1929, sai dukiyar ta watse, aka bar shi da bashi da kwalba. Lois ta nemi aiki a wani babban kanti, ita ke ciyad da gida. Shi kuwa har ya kan laluba jakarta, ya ɗebi kuɗin cefane ya kai wa mai giya. Ya sha yi mata alkawari zai bari, har ya kan rubuta alkawarin da hannunsa cikin Littafi Mai Tsarki na gidansu, ya sa kwanan wata. Ba a jimawa sai ya koma.

Tsakanin 1933 da 1934 sau huɗu aka kwantad da shi a wani asibitin masu shaye-shaye a Niyok. Likitan wurin, William Silkworth, ya gaya masa maganar da bai taɓa ji ba. Ya ce abin da ke damunsa ciwo ne, ciwon kuwa kashi biyu ne. Na fari, jikinsa ba ya karɓar giya kamar na sauran mutane, da zarar ya kurɓi kaɗan sai ƙishirwarta ta taso, ba ya iya tsayawa. Na biyu, zuciyarsa ta kan ruɗe shi, ta ce masa wannan karon kofi ɗaya kaɗai zai sha. Magani, in ji likita, kada ya sake taɓa ko ɗigo. Bill ya ji daɗin wannan bayani, ya ɗauka tun da ya san ciwonsa ya warke ke nan. Ya fita, ya yi ɗan lokaci bai sha ba, ya koma. Har likita ya gaya wa Lois, in abin ya ci gaba haka, sai dai a kulle mijinta, in ba haka ba ya haukace ko ya mutu.

Cikin Nuwamba 1934 wani tsohon abokinsa na makaranta, Ebby Thacher, ya kawo masa ziyara. Ebby shahararren mashayi ne, saboda haka Bill ya yi murna, ya aje kwalba bisa tebur. Da ya zuba masa, sai Ebby ya ce ya bari. Ya ba shi labari ya shiga wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group, inda mutane su ke faɗa wa juna laifofinsu, su biya hakkin waɗanda suka cuta, su taimaki waɗansu. Bill bai cika son zancen addini ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, ga mutumin da suka sha faɗuwa tare, yau ga shi zaune garau. Gani ya kori ji. Ran 11 ga Disamba 1934 Bill ya koma asibitin nan, ya sha kwalba huɗu a hanya, su ne kuwa na ƙarshe. Ya ce a kan gadon asibitin ya kai ƙarshen dabararsa, ya yi kira ga Allah, ya ji an sauke masa wani nauyi.

Da ya fito, sai ya ɗaura aniyar ceton mashaya. Wata biyar yana binsu yana yi musu wa'azi, ko ɗaya bai bari ba. Ya karaya, ya gaya wa matarsa aikin banza ya ke yi. Lois ta tuna masa akwai mutum guda wanda bai sha ba duk tsawon watannin nan, watau shi kansa. Likita Silkworth kuma ya ba shi shawara ya daina wa'azi, gama mashayi ya ƙoshi da wa'azi, ya riƙa fara ba su labarin ciwon, da irin ɓarnar da ya yi masa shi kansa.

Baƙo a Akron

Cikin Mayu 1935 wata harkar ciniki ta kai shi Akron, a jihar Ohayo, garin da ya yi suna wajen yin tayar mota. Shi da abokan cinikinsa sun so su karɓi ragamar wani kamfani, in abin ya yiwu ya fita daga bashi. Abin bai yiwu ba. Abokan suka koma Niyok, suka bar shi shi kaɗai a wani otal mai suna Mayflower, da kamar dala 10 a aljihu.

Ran Asabar, 11 ga wata, yana ta kai da kawowa a zauren otal ɗin. A gefe guda akwai ɗakin shan giya, yana jiyo hira da dariya da ƙarar kofuna. Zuciyarsa ta fara raya masa ya shiga ya sayi lemo kawai, ko ya sami wanda za su yi taɗi. Ya san wannan murya, ya kuma san inda ta kan kai shi. Tsoro ya kama shi. A nan ne ya gane wani abu da bai gane ba cikin watanni biyar ɗin nan. Da, yana ganin shi ne mai taimako, sauran mashaya su ne mabukata. Ashe shi ma mabukaci ne. In bai sami wani mashayi ya yi magana da shi ba, to, sha zai yi.

Amma ina baƙo zai sami irin wannan mutum? Ga masu sha nan cike da ɗakin giya, ba su ya ke nema ba. Wanda ya gaji da sha ya ke nema, irin wannan kuwa ɓoye kansa ya ke yi. A ɗaya gefen zauren akwai allo da aka rubuta sunayen majami'un garin da na limamansu, kusa da shi ga akwatin tarho. Ya zaɓi suna guda, Walter Tunks, ya buga masa. Bai yi ɓoye-ɓoye ba, ya ce shi mashayi ne daga Niyok, yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi don kada ya koma sha. Limamin bai yi masa dariya ba, ya ba shi sunayen mutum wajen goma. Ya yi ta bugawa ɗaya bayan ɗaya, wani ba ya gida, wani ya kawo uzuri, har ya dace da wanda ya haɗa shi da wata mata, Henrietta Seiberling, matar ɗan mutumin da ya kafa kamfanin taya na Goodyear. Ita ba mashayiya ba ce, amma ta san wani likita a garin wanda giya ta kusa halaka shi, ta daɗe tana yi masa addu'a. Ta ce wa Bill ya zo nan da nan.

Likitan nan sunansa Robert Smith, a kan ce da shi Dokta Bob. An haife shi cikin 1879, shi ma a jihar Vermont. Likitan fiɗa ne. Shekara da shekaru yana sha da dare har ya bugu, da safe ya haɗiyi ƙwayar kwantad da jijiya don hannunsa ya bar rawa. Masu zuwa wurinsa neman magani sun ragu, bashi ya yi masa yawa. Ya fi shekara biyu yana zuwa taron Oxford Group, yana karatu, yana addu'a, duk da haka yana sha. Da Henrietta ta kira matarsa Anne, sai ta ce ba zai iya zuwa yau ba, yana kwance a buge. Aka sa gobe.

Kashegari Lahadi, Dokta Bob ya yarda ya je, don yana jin nauyin Henrietta. Amma ya sa wa matarsa sharaɗi, minti 15 kaɗai zai yi. Sun shiga gidan da ƙarfe 5 na yamma, ba su fito ba sai bayan ƙarfe 11 na dare.

Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne, tun da fari Bill ya nuna masa ba don ya yi masa nasiha ya zo ba, ya zo ne don shi kansa yana cikin bukata. Sa'an nan ya kwashe labarinsa ya faɗa masa, kwalaben da ya ke ɓoyewa cikin gida, da rawar jiki da asuba, da alkawuran da ya karya, da bayanin Likita Silkworth. Dokta Bob ya fi Bill karatu nesa ba kusa ba, ya kuwa sha jin faɗa daga dangi da malaman addini da likitoci 'yan'uwansa. Amma abin da ya faɗa daga baya shi ne, bai taɓa zama da wanda ya san ciwon a jikinsa ba sai ran nan. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Kada mai karatu ya zaci daga nan komi ya miƙe. Bill ya tare a gidan Dokta Bob. Bayan 'yan makonni likitan ya tafi taron likitoci a wani gari, ya sha tun daga cikin jirgin ƙasa, aka komo da shi a buge. Ga shi kuwa yana da aikin fiɗa da ba ya ɗaguwa. Bill da Anne suka yi ta jinyarsa, da safiyar aikin Bill ya ba shi kwalba guda don hannunsa ya tsaya. Ya yi aikin lafiya. Da ya gama bai komo gida ba sai dare, ya bi gari yana zuwa wurin waɗanda ya saɓa wa, yana faɗa musu gaskiyar halinsa, yana neman gafara. Bai sake sha ba har ya mutu. Ran 10 ga Yuni 1935 a ke lissafa wannan rana, ita ce kuma a ke ɗauka ranar kafa ƙungiyar.

Daga biyu zuwa dubbai

Mutanen nan biyu suka ga in suna so su tsira, sai su nemi na uku. Suka tambaya a asibitin gari, aka nuna musu wani lauya wanda aka kwantar sau takwas cikin wata shida, har an ɗaure shi a gado don ya bugi masu jinya. Suka zauna bakin gadonsa, suka ba shi labarinsu. Ran 4 ga Yuli ya bar asibiti, bai ƙara sha ba har rasuwarsa cikin 1954.

Sannu a hankali suka ƙaru. A Akron su kan taru ran Laraba da dare a gidan wani mutumin kirki, a Niyok kuwa ran Talata a gidan Bill. Wajen ƙarshen 1937 suka ƙirga, suka sami mutum wajen 40 da suka bar sha. Daga baya suka rabu da Oxford Group, don su buɗe ƙofa ga mai kowane addini. Cikin Afrilu 1939, suna wajen 100, suka buga littafi mai bayyana hanyarsu, suka sa masa suna Alcoholics Anonymous, watau mashayan da ba a ambaton sunansu. Sunan littafin ya zama sunan ƙungiyar, a taƙaice A.A. Cikin Maris 1941 wani ɗan jarida, Jack Alexander, ya rubuta labarinsu a wata mujalla mai farin jini. Wasiƙu suka yi ta zuba a ɗan ofishinsu na Niyok, galibi tambaya ɗaya ce, ina ne za a sami taro? Aka bi su ɗaya ɗaya aka amsa, aka riƙa haɗa mutanen gari guda da junansu. Cikin shekaran nan suka tashi daga 2,000 zuwa 8,000. Kafin 1950 ta ƙare sun kai wajen 100,000.

Yadda a ke neman taro

Wahalar da Bill ya sha ran nan a otal ta ragu ƙwarai. Bisa ga kiyasin ƙungiyar, 'ya'yanta sun kusa miliyan 2, rukuninsu ya wuce 100,000, a ƙasashe wajen 180. A manyan birane da yawa suna da ɗan ofishi da lambar tarho, wanda zai amsa kuwa galibi tsohon mashayi ne. Akwai jerin taruka a intanet, akwai kuma manhajar wayar hannu mai suna Meeting Guide, wadda a wurare da yawa ta kan nuna taron da ya fi kusa, da rana da sa'a. Wanda bai iya wannan ba, sai ya tambayi likita ko ma'aikatan jinya, tun ba na sashen lafiyar ƙwaƙwalwa ba. Tun daga 2020, da annobar korona ta hana taruwa, taron da a ke yi ta waya da kwamfuta ya yawaita, har mutumin da ba taro a garinsu yana iya shiga daga ɗakinsa. In kuwa an sami mutum biyu ko uku a wuri guda masu niyyar bari, ƙa'idar ƙungiyar ta yarda su kafa nasu rukuni.

Taron iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda kowa ke iya zuwa, har dangi da masu son gani. Akwai rufaffe, na masu son barin sha kaɗai. A waɗansu wurare akwai na mata zalla. Kowane rukuni da irin halinsa, saboda haka a kan shawarci baƙo, in na fari bai kwanta masa ba, ya gwada waɗansu kafin ya yanke hukunci.

Samun wurin ba shi ne mai wuya ba kamar shiga ƙofar. Mutane da yawa su kan zo har bakin ƙofa su wuce, su sake kewayowa. A inda addini da al'ada suka hana shan giya kuwa, mashayi kaya biyu ya ke ɗauka, ga ciwo ga kunya, don haka ya kan daɗe yana ɓoyewa har abin ya ci ƙarfinsa. Babban tsoronsa kada wani ya gan shi ya gane shi. Amma ya kamata ya tuna, wanda ya tarar a rufaffen taro, abin da ya kawo shi shi ya kawo wancan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ƙafa ta yi nauyi, ya buga waya tukuna ya ce shi baƙo ne, sau da yawa a kan sami wanda zai tarye shi su shiga tare.

Abin da baƙo zai tarar

Ba wani abin mamaki a ɗakin. Galibi ɗaki ne da aka yi haya a makaranta, ko asibiti, ko majami'a, ko zauren taron unguwa, ga kujeru, ga gahawa ko shayi. Taro ya kan ɗauki sa'a guda. Mai shugabanta ɗaya ne daga cikinsu, aikin kuwa kewayawa ya ke yi. Ba a rubuta sunan kowa, ba a tambayar sana'a ko asali. Kowa sunansa na fari kaɗai ya ke faɗi. Sharaɗin shiga guda ɗaya ne tak, mutum ya kasance yana son ya bar sha. Ko wanda ya sha da safiyar ranar ba a korarsa, muddin bai ta da hankalin mutane ba.

Ba kuɗin shiga. A kan kewaya da kwando, mai hali ya jefa abin da ya sawwaƙa don kuɗin haya da gahawa, marar hali ya miƙa gaba. Ƙungiyar ba ta karɓar gudummawa daga waje. Cikin 1938 sun nemi kuɗi mai yawa wurin attajirin nan John Rockefeller ƙarami, ya ba su dala 5,000 kaɗai, yana tsoron kada kuɗi ya ɓata abin. Sun ji zafi a lokacin, daga baya suka ga gaskiyarsa.

In an buɗe taro, a kan ɗan yi karatu daga littattafansu, sa'an nan a shiga magana. Kowa labarin kansa ya ke bayarwa, yadda ya ke a da, da abin da ya same shi, da yadda ya ke yanzu. Ba a katse mai magana, ba a yi masa faɗa, ba a ce masa ga abin da ya kamata ya yi. Baƙo ba tilas ne ya ce uffan ba, in an zo kansa yana iya cewa saurare ya zo yi. Abin da aka faɗa a ɗakin kuwa amana ne, ba a fita da shi. A nan mutum ya kan ji wani, wanda bai taɓa gani ba, yana faɗin abin da shi ya zaci ba wanda ya taɓa aikata shi sai shi, har jama'a su yi dariya, ba ta reni ba, ta waɗanda suka san hanyar.

Bayan an tashi, tsofaffin 'yan taro su kan ba baƙo lambar wayarsu, su ce in ƙishirwa ta taso ya kira kafin ya sha, ko da tsakar dare ne. Nan gaba ya kan zaɓi wani wanda ya daɗe da bari ya zama jagoransa, galibi namiji ga namiji, mace ga mace. Ba a ce masa ya rantse ba zai ƙara sha ba har abada, gama irin wannan rantsuwa Bill ya sha rubuta ta. A kan ce ya kame yau kaɗai, in gobe ta zo a sake niyya. Waɗansu su kan shawarci sabon shiga ya je taro kullum har kwana 90. Jagoran ne zai bi da shi cikin matakan nan 12 na ƙungiyar. Gindinsu shi ne, mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, ya dogara ga ikon da ya fi nasa bisa ga imaninsa, ya binciki halinsa, ya faɗa wa wani mutum guda laifofinsa, ya biya hakkin waɗanda ya cuta, sa'an nan ya taimaki wani mashayi. Wanda ya zame ya sha, ba a rufe masa ƙofa, cewa a ke yi ya komo.

Gargaɗi

Taro ba asibiti ba ne. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kowace rana, kada ya yanke gaba ɗaya sai ya ga likita. Cikin yini guda jiki ya kan kama rawa da zufa, wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, bayan kwana biyu ko uku wani ya shiga sambatu da gane-gane, abin yana iya kisa. Likitoci suna da maganin da ke sauƙaƙa wannan, da wanda ke rage ƙishirwar giya. Kada kuma mutum ya bar maganin da likita ya ba shi don wani ɗan taro ya ce ya bari.

Ciwon ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cikin 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Cikin 2020 masanan ƙungiyar bincike ta Cochrane suka tattara bincike 27, wanda ya shafi mutum 10,565. Suka ga cikin kowane 100 da aka bi da su ta tsarin da ke kai su taron A.A., wajen 42 sun cika shekara ba su sha ba, cikin waɗanda aka bi da su ta waɗansu hanyoyi kuwa wajen 35. Watau taron yana da amfani, amma ba kowa ya ke warkarwa ba. Ebby kansa, wanda ya kawo wa Bill labari, ya koma sha, ya yi ta faɗuwa da tashi shekaru da yawa. Bill bai yar da shi ba har rasuwarsa cikin 1966. Wanda tsarin A.A. bai dace da shi ba, akwai waɗansu. Musulmin birnin Baltimore a Amurka sun kafa Millati Islami cikin 1989, bisa koyarwar addininsu. Cikin 1994 aka kafa SMART Recovery, wadda ba ta sa zancen imani cikin tsarinta. Iyalan mashaya ma suna da nasu taro, Al-Anon, wanda Lois da wata abokiyarta suka tsara cikin 1951, gama ta san irin wuyar da matar mashayi ke sha.

Dokta Bob ya rasu cikin 1950, bayan ya yi jinyar mashaya wajen 5,000 bai karɓi ko kwabo ba. Bill ya rayu har 1971. Rayuwarsa ba ta rasa wahala ba, ya yi shekaru yana fama da ciwon baƙin ciki, taba kuma ita ta lalata masa huhu. Amma shekara 36 bai sha giya ba. Jami'ar Yale ta so ta ba shi digirin girmamawa, ya ƙi, don ƙa'idarsu ta hana mutum neman suna da wannan aiki. Mutane da yawa ba su san cikakken sunansa ba sai da jaridu suka buga labarin mutuwarsa.

Ran Asabar ɗin nan a Akron, Bill ba shi da kuɗi, ba shi da sani a garin, ba kuma wani taro da aka riga aka shirya masa. Abin da ya yi shi ne, ya faɗi gaskiyar halinsa ga wanda bai sani ba, da aka ce masa babu ya sake tambayar wani. Wanda giya ta dame shi, ko ta dami wani nasa, ya yi haka nan. Ya fara da likita, ya tambayi inda a ke taro, in an nuna masa ya daure ya shiga, ya zauna ko da a kujerar baya ce, ya saurara. Matambayi ba ya ɓata.